A'ar da Ta Maƙale Mini a Wuya

Salamu alaikum, mutanena. Masu biyo ni ta inbox suna tambayar ko lafiya suka ji ni shiru, to ku gyara zama, shirun ma shi ne labarin. Da yatsa nake muku magana yau. Bakina likita ya ɗaure shi, kuma da wannan ɗaurin aka yi mini abin da har yanzu na kasa haɗiyewa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Nuriyya, 'yar Kano, shekarata ashirin da huɗu. A unguwar Danau Kota nake zaune, can saman bene, ni da ƙawata Khaulah mai karatun harhaɗa magunguna. Ni kuwa waƙa nake karantawa a wata kwaleji a nan birnin KL. E, waƙa. Ku gama dariyar, ina jiranku. Kuma ba irin wadda kuke kunnawa a mota ba, opera ake ce mata. Wasan kwaikwayo ne da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe, babu makirufo, babu lasifika. Makaɗa cike a gabanki, masu goge na yi, masu busa na yi, ke kaɗai da ƙirjinki za ki tsallake su duka ki kai muryarki kunnen wanda ke kujerar ƙarshe.

Abba ya yarda ne a kan malama zan zama, in dawo gida in koyar. Mama kuwa idan dangi suka tambaye ta sai ta ce, "Arts take yi," ta yi wuf ta sako zancen zafin gari.

Malamata Madam Teoh ce, wata 'yar tsurut ɗin tsohuwa 'yar nan ƙasar, wadda in ta zauna gaban piyano ƙafafunta da ƙyar suke taɓa ƙasa. Ranar da na fara shiga ajinta ta ba ni kalmar Italiyanci ɗaya, amore, ta ce in rera. Ina buɗe baki ta ɗauke hannu daga piyanon.

"Me kalmar ta yi miki da kike marinta kafin ki faɗe ta?"

Sai ta kama yatsana ta ɗora a maƙogwarona, ta ce in kira sunayen 'yan gidanmu da yarenmu. Na ce Abba. Na ce Umma. Ta ce yaya muke ƙin abu, na ce a'a. Ta zabura kamar na taka ta.

Ku gwada yanzu, ku ɗora yatsa a wuya ku ce a'a. Kun ji duka biyu? Ashe mu Hausawa duk kalmar da ta fara da wasali sai mun datse maƙogwaro mun ɓalle shi da ƙarfi, hamza ke nan. A cikin wuya akwai wasu siraran igiyoyi guda biyu, su ke kaɗawa su ba da murya, kuma kowace hamza gwara su take yi da juna. Mu da ita aka haife mu, ba ta mana komai a hira. Amma mai opera da za ta cika zaure da murya, wannan gwarawar ajalinta ce. Shekara guda cur matar nan ta yi tana koya mini shiga wasali a kan numfashi, a hankali, ba tare da na banko ƙofa ba.

Ta ce muryata mai kauri ce, irin wadda suke kira mezzo, kuma irinta ba ta nuna da wuri. "Sai kin kai talatin za ta nuna, lah," in ji ta, da lah ɗin nan da mutanen ƙasar ke liƙa wa ƙarshen magana. "Ki yi haƙuri da ita."

Talatin! Na yi dariya har da riƙe ciki. A gidanmu ko ashirin da biyar yarinya ta kai ba miji, addu'a ake fara yi mata da suna bayan kowace sallah.

To a tsakiyar watan Janairu mai zuwa, mutanen wani gidan opera na Jamus za su zo sauraron matasan mawaƙa na wannan yanki. Wadda suka zaɓa za su ɗauke ta horo na shekara biyu. A duk ajinmu sunan mutum biyu Madam ta tura, nawa na ciki. Abin da nake tashi da shi nake kwana da shi ke nan, kuma Muttaka ya fi kowa sani.

Muttaka. Ku bar ni in ja numfashi.

Digiri na uku yake gamawa a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, injiniya, ɗan Katsina. Dogo, baƙi, mai sanyin magana, kuma duk zafin KL ba ya raba shi da kaftani da hula. Ranar da na fara waƙa a gaban jama'a a kwalejinmu ya zo ya zauna a layin ƙarshe. Da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma duba hannuna, har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba." Mutanena, a nan na faɗi, kuma ban tashi ba. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Abu ɗaya ne, duk sanda na kawo zancen Jamus sai ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri," ya tambaye ni ko na ci abinci.

Ranar Talatar da ta wuce abin ya faru. Hayaƙin nan da ke rufe garin, wanda suke kira jerebu, ya saka mini mura, ni kuma na ƙi hutawa. Ina tsakiyar atisaye na matsa wa wata doguwar gaɓa, sai na ji kamar wani abu ya tsinke a wuyana, muryar ta dare gida biyu. Madam ta miƙe tsaye ta ɗora yatsa a leɓenta, ta nuna mini ƙofa.

Muttaka ne ya kai ni asibiti. Likita ya zura mini siririyar kyamara ta hanci, ya juyo da allon ya nuna mana. Igiya ɗaya fara tas, ɗayar jawur, jijiyar jini ta fashe a cikinta.

"Sati biyu ba magana," in ji likita. "Ba raɗa, raɗa ta fi magana illa. Ba gyaran murya, ba dariya, ba kuka mai sauti, ba yaji. Idan ta huta za ta warke sarai. Idan ta sake fashewa tabo za ta yi, tabo kuma ba ya fita. Za ki yi magana, za ki yi waya, amma waƙa irin taki ta ƙare."

"Ko kalma ɗaya, doctor?" in ji Muttaka.

"Ko ɗaya."

Ya riƙe mini jaka har mota, ya saya mini zuma da na'urar surace. Karatun sallah ma a leɓe nake yi, sauti ba ya fita. Na tura wa Mama saƙo, ta ce in sha citta da kanumfari, kuma kada Abba ya ji, don cewa zai yi ga irinta nan.

Ranar Alhamis ina zaune da tawul a ka ina shaƙar tururi, waya ta yi ƙara.

Muttaka: Albishirinki. Hajiya za ta sauka gobe, ita da Gwaggo Daso. Ganin likitan gwiwa. Asabar da la'asar za ki zo ki gaishe su.

Ni: Asabar?? Muttaka ba na magana fa!

Muttaka: Relax. Gaisuwa ce kawai, ki durƙusa ki tashi. Ni ne bakinki.

Ni: Ka gaya mata abin da ya same ni?

Muttaka: Zan gaya mata. Amma zancen waƙa ki bar mini tukuna, sai na lallaɓa ta. Kin san manya.

Na daɗe ina kallon saƙon. Mahaifiyar mutum ta keto duniya ta zo garin da kike, ki ce ba za ki je gaisuwa ba? Da wane bakin, ko da ina da shi?

Ranar Asabar Khaulah ta zazzage akwatina a kan gado. Na ɗauko leshi mai duwatsu, ta fizge.

"Babe, suruka za ki gani, ba dinner ba. This one too loud, lah." Ta zaro wata atamfa ruwan zuma, riga da zani, ɗinkin mutunci mai dogon hannu. Ta kafa mini ɗankwali ƙasa-ƙasa, ta yafa mini babban mayafi ruwan madara, ta hana ni janbaki, kwalli kawai. Ta ja baya ta ƙare mini kallo. "Kai! Kamar ba ke ce management suka kawo wa takardar gargaɗi saboda ihu ba. Da na raka ki na zama interpreter, amma ina da lab. Ki riƙe wayarki gam, duk abin da ya taso ki rubuta."

Masaukin nasu a unguwar Bukit Bintang yake, saman wani gidan abincin Larabawa. Tun daga lif ƙamshin turaren wuta ya tare ni. Muttaka ya buɗe ƙofa, falon ya yi dumu-dumu da hayaƙi, ga kasko na lantarki a tsakar ɗaki yana aikinsa. Wata siririyar mata mai haƙorin Makka ta taso da sauri, Gwaggo Daso ke nan, ƙanwar mahaifinsa.

"Maraba da ɗiyarmu! Kawo jakar, kawo, baƙo ba ya riƙon kaya." Kafin in ankara ta zare ta daga kafaɗata ta shige da ita uwar ɗaki. Wayata na ciki.

Hajiya Hajjo na kan doguwar kujera, ƙafafunta a kan matashi, carbi a hannu, farin gilashi a ido. Na zube a gabanta, na sunkuyar da kai, na motsa leɓɓana.

"Lafiya lau, 'yar nan," ta amsa. "Lafiya lau. Ya karatu? Madalla. Ya kewar gida? Ai sai haƙuri."

Ita ta yi tambayar, ita ta amsa wa kanta, gaisuwa ta tafi daidai ba a rasa komai ba. Na saci kallon Muttaka ina jiran ya yi bayani. Yana can yana jera faranti, ya yo tapau, wato ya sayo ƙunshin shinkafar mandi ta Larabawa daga gidan abincin da ke ƙasa.

Da a ce matar nan mai zafi ce da abin ya zo mini da sauƙi. Ina! Hannuna ta kama ta zaunar da ni a gefen ƙafarta, tana shafa bayan hannun da babban yatsanta kamar ta shekara da sanina.

"Me kike karantawa ne, 'yata?"

"Arts, Hajiya," in ji Muttaka daga wajen tebur.

"Zane-zane ke nan?"

"Kusan haka."

Gwaggo Daso ta jawo kaskon turaren har gabana, wai in turara mayafina, na Maiduguri ne na gaske. Hayaƙin ya bi hancina ya sauka daidai kan ciwon. Tari ya taso, na danne shi, ya sake tasowa, na haɗiye. Idanuna suka kawo ruwa.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Hajjo, dubi, har hawaye take don kunya."

"Na gani," in ji Hajiya. "Ni fa tun da ya ce a waje ya samo mata ban yi barcin kirki ba. 'Yan matan yanzu, ido a tsaye, kina faɗa suna faɗa. Amma ji wannan baiwar Allah, tun da ta shigo ko tarinta ban ji ba."

"Irin wannan ce za ki shekara da ita maƙwabta ba su san kalar muryarta ba."

Ni! Ni da mutanen hawa uku suka san lokacin da nake fara atisaye. Da bakina a sake yake da ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, ga shi duka biyun an hana ni. Aka turo mini kilishin da suka zo da shi, jawur da yaji. Na gutsuri ɗan mitsitsi na dunƙule a hannu har ya jiƙe da gumi.

Ana cikin haka wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta duba ta yi murmushi, ta miƙa wa Muttaka. "Kawunka ne. Sa mana a sifika kowa ya ji."

Muryoyin maza suka cika falon, ana ta gaishe-gaishe. Can sai na ji wani gyaran murya da ko a mafarki na san mai shi. Abba. Kawunnan Muttaka suna falon Abba a Kano, a daidai wannan lokacin, kuma babu wanda ya gaya mini.

"Nuriyya tana kusa?"

"Ga ta nan a gabana, Alhaji," in ji Hajiya.

"To madalla. Nuriyya, ki saurare ni. Iyayen Muttaka sun zo neman a sa rana. Sun nemi satin farko na Janairu, saboda yana gamawa zai koma bakin aikinsa a gida. Sun ce ya shaida musu kun daidaita, za ki tattaro ki dawo a Disamba, abin da kika karanta ya wadatar. To ni kin san ni, ban taɓa yi wa ɗana dole ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Na ce ba zan amsa ba sai na ji daga gare ki. In kina da magana, faɗe ta yanzu."

Falon ya yi tsit.

Wallahi Abba ya yi mini adalci. Ƙofa ya buɗe mini har bango, ya ce in wuce. Kalma ɗaya ake nema, kuma duk cikin Hausa babu wadda ta fi ta dukan maƙogwaro. A'a. Duka biyu a jere, a kan igiyar da ke cike da jini. Na ji ta ta taso, ta tsaya a daidai inda Madam ta taɓa ɗora yatsana.

Na san abin da za ku ce. Kalma ɗaya ce za ta kashe ki? Wataƙila ba za ta kashe ni ba. Amma a'a ba ta tafiya ita kaɗai. Bayanta akwai "saboda me", akwai Jamus, akwai mene ne opera, akwai bayanin yadda 'yar Alhaji za ta tsaya gaban maza ta buɗe murya, duk a kunnen surukai, da kuka, da rantsuwa, da ba da haƙuri. Kafin in gama kare waƙar, muryar da zan yi ta da ita ta tafi. In na yi magana na rasa ta, in na yi shiru an raba ni da ita. Ku gaya mini, ta ina zan ɓullo?

Na ɗago na kalli Muttaka. Shi ne bakina, haka ya ce. Jimla ɗaya ta ishe shi: Abba, ba ta da lafiya, likita ya hana ta magana. Na kafe shi da ido ina roƙonsa da duk abin da ke fuskata. Wayar na tafin hannunsa, idonsa na kan wayar.

Na girgiza kai. Na sake girgizawa da ƙarfi har mayafina ya zame. Abba ba ya gani, kiran murya ne. Gwaggo Daso ta tuntsire da dariya ta ja mayafin ta rufe mini fuska gaba ɗaya.

"Ka ga yadda take sunne kai kuwa, Alhaji!"

Na yunƙura zan tashi in ɗauko jakata, Hajiya ta riƙe hannuna da tausayi. "Zauna, 'yata, ba gudu. Kowace mace ta ga wannan ranar."

"Ban ji ki ba, Nuriyya," in ji Abba. Muryarsa ta sauya kaɗan, na san ya fara jin wani abu. Zuciyata ta ce ƙara tambaya, Abba, don Allah ƙara tambaya, ka ce a ba ni waya ni kaɗai.

"Haba Alhaji," in ji Hajiya tana dariya. "Yarinyar da ko gaisuwarta sai ka kasa kunne, ita ce za ta buɗe baki a gabana ta ce tana son ɗana? Ai kai ka yi tarbiyyar, kada ka zo ka ɓata abinka."

Mazan can suka yi dariya. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ai malamai sun gama magana, shirun budurwa shi ne izininta."

Abba ya ce, "To. Allah ya sa alheri. A yi fatiha."

Na ji tafukan hannu suna shafa fuskoki a Kano. Gwaggo Daso ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, doguwa, siririya, tsaf ba karkarwa, har gilashin taga ya amsa. Ko a wannan halin sai da kunnena na ɗaliba ya ce da Madam ta ji wannan da ta miƙe tsaye.

Kada ku ce in tura wa Abba saƙo daga baya. Kun san Abba? Ya ba da magana a gaban manyan mutane, an shafa fatiha, kafin in iso Danau Kota an fara rabon goro da alawa a unguwa. Sai 'yarsa ta turo masa rubutu ta waya cewa ba haka take nufi ba? Mama ce kaɗai ta san halin da nake ciki, ita kuma tana cikin gida, ba a shiga da ita falon maza.

Hawaye suka ɓalle mini a ƙarƙashin mayafi. Na buɗe baki ina numfashi ta ciki don kada shessheƙa ta kama igiyar. Ban taɓa jin na zama abin tausayi irin na wannan lokacin ba, kuka ma sai da dabara. Hajiya ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta tana bubbuga bayana.

"Yi kukanki, 'yata, na farin ciki ne. Allah ya yi wa yaron nan albarka, shi ya san abin da ya hango. Ai mu sai wata mai zuwa za mu zo, likitan ma can ya ba ni rana. Ranar Talata da yamma ya bugo, ya tayar mana da hankali, a canza tikiti, a gaya wa kawunnansa su shirya zuwa Kano. Na ce gaggawar me kake yi? Ya ce Hajiya, in dai kina son ki ga ainihin halinta, to wannan satin ne."

Talata da yamma. Awa nawa ke nan da fitowarmu daga asibiti?

Na ɗaga kaina daga cinyarta. Na yaye mayafin da hannuna. Wannan karon bai kawar da ido ba, ya tako a hankali ya durƙusa daidai inda Hajiya ba za ta ji ba, da wannan sanyin muryar da ya sa na so shi. Na ja numfashi har ƙasan cikina, irin wanda aka koya mini, bakina ya buɗe.

Ya ɗora yatsa ɗaya a kan maƙogwaronsa.

"Kada ki yi magana, Nuriyya," ya ce. "Ki tuna abin da likita ya faɗa."